Tambaya da Amsa: Gwada lensin babbar kyamara kafin a biya kuɗi

Tambaya daga Yelwa, Bauchi: Assalamu alaikum. Ina da kyamarar fim mai zugazugi, ta inci 4x5. An kawo min lensi biyu na hannu, Nikkor-W da Schneider Symmar-S, kowanne 150mm f/5.6, kuma mai su ya yarda in riƙe su mako guda. Wanne ya fi kaifi, kuma yaya zan gwada?

Wa alaikumus salam. Malam, in duka biyun lafiyarsu ƙalau, da wuya ka iya bambance hotunansu a f/22, wato idan an tsuke buɗin da haske ke shiga ta cikinsa. Kowanne da'irar haskensa, wato faɗin hoton da yake jefawa a kan fim, milimita 210 ce a wannan buɗin, alhali fim ɗin 4x5 yana bukatar kusan 153 daga kusurwa zuwa kusurwa. Takwarorinsu na Rodenstock da Fujinon ma da wuya a bambance hotunansu. Don haka bar batun sunan kamfani, ka binciki waɗannan da ke hannunka, domin sun shekara da yawa suna yawo hannu zuwa hannu.

Fara da abin da ba ya cin fim. Warware gilashin gaba da na baya daga jikin shota (abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya shiga), ka haska su da tocilan waya ta gefe. Hazo a ciki yana dusashe hoto. Funfuna, wadda take kama da saƙar gizo-gizo, tana iya cin fuskar gilashin, kuma in ta ci ba gyara. Launuka masu ƙyalli a bakin gilashi alama ce cewa mannin da ya haɗa gilasai biyu ya fara saki. Amma fararen ɗige-ɗigen da ake yawan gani a baƙin fentin gefen tsofaffin Schneider ba su cika taɓa hoto ba. Hujjar neman ragi ce kawai. Idan wani siririn zoben ƙarfe ya faɗo yayin warwarewa, mayar da shi inda yake, domin shi ke daidaita tazarar gilasan.

Sai shota. Saka shi a daƙiƙa 1, sannan 1/2, ka ɗauki ƙararsa da waya ka auna. In yana ja ko yana tsayawa a tsakiya, man cikinsa ya bushe, kuma kuɗin gyara sai ya shiga ciniki. Kada 1/500 ta dame ka, tsofaffin shota ba kasafai suke kai ta ba, kai ma ba za ka cika bukatarta ba.

Yanzu gwajin fim. Nemi bango miƙaƙƙe mai faɗin mita 3 ko fiye, ka manna shafin jarida a wuri biyar: tsakiya da kusurwoyi huɗu. Kafa kyamara a kan mai-ƙafa-uku, mita 4 daga bangon, gabanta da bayanta duk a sifili, babu karkatawa. Don ka tabbatar ta fuskanci bangon sosai, jingina madubi a tsakiyarsa. In lensin ya ga kansa a tsakiyar gilashin dubawa (gilashin bayan kyamara da ake ganin hoto a kansa), an daidaita. Saita kaifi a f/5.6 da madubin ƙara girma mai ninki 6, sannan ka ɗauka a f/11 da f/22 da f/32, da igiyar latsawa. Fim uku ke nan ga kowane lensi. Rubuta sunan lensin da buɗinsa a kwali ka sa cikin hoton, don bayan wanki duk kamanninsu ɗaya. A cikin ɗaki ko zaure ya fi, musamman da hunturu, saboda iska tana kaɗa zugazugi ta ɓata gwajin.

Fim ya zama iri ɗaya, kamar Ilford FP4 Plus, a wanke su tare a digiri 20. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi ruwan famfo ya wuce haka nesa, sai an sa kwalbar maganin cikin ruwan ƙanƙara. Duba nagetif ɗin kansa da madubin ƙara girma, ba hotonsa a waya ba.

Wurin karanta sakamako ne mutane ke zaluntar lensi. In kusurwa ɗaya ce ta yi dishi-dishi, juya lensin rabin zagaye a kan allonsa ka sake ɗauka: in dishin ya koma ɗaya ɓangaren, laifin lensi ne, mayar wa mai shi, in ya tsaya inda yake, kyamarar ce ko gidan fim, wato abin da ke riƙe fim a bayan kyamara. In ko'ina ya yi laushi a lensin biyu, mai yiwuwa gilashin dubawa ba ya zaune daidai inda fim ke zama. In sun yi kunnen doki, ɗauki mai lafiyayyen shota.

Tambaya daga Wunti: Gine-gine nake son ɗauka, kamar ƙofar fadar Sarki da babban masallaci. 90mm f/8 zan saya ko f/4.5?

Ɗan'uwa, mu dai f/8 za mu ce. Nikkor-SW 90mm f/8 da f/4.5 duk da'irarsu milimita 235 ce, amma na f/8 ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma matatar hasken da ake ɗaura masa a gaba 67mm ce maimakon 82mm. Duhun gilashin dubawa ne aibinsa, ranar Bauchi kuwa ta isa ta rufe wannan, sai dai in cikin ɗakuna za ka yi aiki. Super-Angulon 90mm f/8 yana da 216, ya fi ƙuntata maka wurin ɗaga gaba don kamo hasumiya. Gwajinsa: ɗaga gaban iyakar bukatarka, rufe zuwa f/22, ka leƙa ta yankakkun kusurwoyin gilashin dubawa. In ka ga ramin haske cikakke, fim zai samu haske har can. In wani abu ya tare shi, kusurwar za ta yi baƙi. Ka kuma tabbatar zugazuginka zai matsu har haka, in ba zai yi ba sai an nemo mai siffar jaka ko allo mai zurfi.

Tambaya daga Kobi: Fim ya yi tsada. Takardar wanke hoto za ta yi gwaji?

Za ta yi rabin aikin, Hajiya. Yanka ta daidai gidan fim, ki ɗauke ta a matsayin ISO (ma'aunin saurin kama haske) 3 zuwa 6. Za ta nuna miki yoyon haske da iyakar da'irar lensi, amma hukuncin kaifi sai da fim.