Maleji na cewa 110, waya na cewa 102: tambayoyinku kan dokar gudu da layin masu biyan kuɗi

Jama'a assalamu alaikum. Wannan satin tambayoyin da suka shigo kusan duk na titi ne, tunda bidiyon titin ƙasar Cek ɗin nan ya zagaya a WhatsApp, wanda aka ɗauki allon lantarki yana nuna 150, sai kowa ya tuna yana da abin tambaya kan gudu. Ni dai ba makanike ba ne, harkata waya da kwamfuta, amma maganar gaskiya yanzu dokar gudu rabinta na'ura ce, kyamara ce da allo da manhaja, don haka ta shigo gonata. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya ta farko daga wani direban haya a Zariya: Malam, na buɗe Google Maps ina tuƙi, malejin motata yana 110 amma waya tana nuna 102. Wanne ne maƙaryaci?

Direba sannu da hanya. Babu maƙaryaci a cikinsu, amma waya ta fi kusa da gaskiya. Maleji da juyawar taya yake lissafi, kuma masu ƙera mota da gangan suke ɗan ɗaga shi sama, domin ƙa'idar da ake bi a Turai ta ce maleji ba zai taɓa nuna ƙasa da ainihin gudu ba, amma an yarda ya nuna sama, har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Kaga kenan idan ainihin gudunka 100 ne maleji zai iya nuna har 114 kuma bai saɓa doka ba. Ita kuwa waya da tauraron ɗan'adam take aiki, ba ruwanta da taya, ko data ta ƙare ma lambar gudun tana nan. Na gwada da kaina tsakanin Kwanar Dangora da Zariya, ƙanina na tuƙi ni kuma ina riƙe da waya biyu, ɗaya Tecno ɗaya Samsung, duka biyun suka tsaya a 101 zuwa 102 allurar mota kuma tana kan 110 daram, shi kansa sai da ya ce wai dama duk shekarun nan yaudararsa motar take.

Amma fa waya tana da nata rauni, tana ɗan makara da daƙiƙa ɗaya ko biyu idan ka taka totur ko birki, kuma a ƙarƙashin gada ko tsakanin dogayen gine-gine sai ka ga lambar ta yi tsalle. Sannan idan ka sa tayar da ta fi ta kamfani girma lissafin ya juya, maleji zai koma nuna ƙasa da gudun da kake yi, wannan shi ne mai haɗari.

Akwai kuma wanda ya fi wannan duka, motocin da ake shigowa da su daga Amurka. Manyan lambobin da ke malejinsu mil ne ba kilomita ba, na kilomitan su ne ƙananan da ke ciki. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mutum zai ce maka ai ni ban taɓa wuce 80 ba, alhali 80 ɗin nan kusan kilomita 129 ne, kuma dokar 'yan rod sefti a Najeriya ta ce ƙaramar mota 100 a babban titi mai hannu biyu, tasi da bas 90, tirela da tanka 60. Kai da kake haya 90 ne naka, don haka ko a lissafin waya ka wuce. Mai son kunna lambar gudun a Google Maps ya shiga saitin, ɓangaren jagoran hanya, zai ga wurin kunnawa. A dai maƙala wayar a mariƙi, kuma kar a bar ta rana na dukanta a gaban gilashi, batir ba ya son haka.

Ta biyu, wani ɗalibi daga Maraɗi: Gaskiya ne a Jamus babu dokar gudu kwata-kwata? Kuma tunda Cek sun kai 150 me ya sa mu ba za a ƙara mana ba?

Ɗan'uwa rabi gaskiya ne. A manyan titunan Jamus da suke kira Autobahn, wajen kashi 70 cikin ɗari babu ƙayyadadden gudu ga ƙananan motoci, amma tun 1978 akwai shawarar hukuma ta kilomita 130, kuma idan ka wuce ta aka yi haɗari kotu na iya ɗora maka wani kaso na asarar ko da ba kai ka fara laifin ba. Su can rigimar tasu ta juye ce, masu neman a sa iyaka ne suke kai ƙudiri majalisa, a watan Oktoban 2019 jam'iyyar masu kare muhalli ta kawo na 130 aka kayar da shi, 498 suka ƙi 126 suka yarda. Maƙwabtansu Holan kuma a watan Maris 2020 ragewa suka yi, suka mayar da gudun rana 100 daga shida na safe zuwa bakwai na yamma saboda hayaƙin da ke ɓata muhalli. Kaga ba wai duk duniya sama ake tafiya ba.

Na Cek ɗin da ka gani, abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne 150 ɗin ba a ƙarfe aka rubuta shi ba, allon lantarki ne, a wani yanki na kusan kilomita 50 na titin D3 a kudancin ƙasar, aka fara a watan Oktoban 2025. Akwai na'urorin da ke duba yanayi da yawan motoci, titi ya jiƙe ko hazo ya sauko ko cunkoso ya fara sai allo ya koma 130 ko ƙasa. Wato majalisa ba ta ce kowa ya ƙure maleji ba, cewa ta yi an yarda da 150 a inda titi da na'ura suka isa, kuma a lokacin da suka isa. Wannan shi ne abin da nake so masu cewa a ƙara mana su kalla, lambar ita ce abu na ƙarshe da ake sawa, kafin ita akwai shinge gefe da gefe da ba ɗan acaɓa ko garken shanu da zai ratso, akwai allo mai wuta dare da rana, akwai motar asibiti da za ta iso da wuri.

Amurka ta riga kowa yin wannan muhawarar. A 1974, bayan matsalar man fetur, gwamnatin tarayya ta sa mil 55 a duk ƙasa, aka yi ta ƙorafi har 1995 aka soke dokar aka bar wa jihohi, tun daga nan majalisun jihohi ke ta ɗagawa, 70, 75, 80, har Tekzas ta buɗe wani titin biyan kuɗi a 2012 mai mil 85, kusan kilomita 137. Masu goyon baya suna cewa dama mutane gudun suke yi, gara doka ta dace da abin da ke faruwa, kuma bambancin gudu tsakanin motoci shi ke kawo karo. Cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a can, IIHS, ita kuma ta fitar da lissafi a 2019 cewa duk ƙarin mil 5 yana tafiya da ƙarin mace-mace wajen kashi 8 cikin ɗari a manyan titunan.

Ka ɗauki kalkuletar wayarka ka buga da kanka. Tafiyar kilomita 100 a gudun 100 awa ɗaya ce, a 120 minti 50, a 130 wajen minti 46. Minti 14 ka ci. Amma ƙarfin bugun mota ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba, ninkuwa yake, a 130 ya fi na 100 da kusan kashi 70 cikin ɗari, a 150 ya ninka biyu da kwata. Kuma a 130 duk daƙiƙa ɗaya ka shafe mita 36, wato kafin ka kalli wa ya kira ka ka ɗago kai ka wuce tsawon filin ƙwallo.

Ta uku daga wata baiwar Allah da ta koma Bajiniya ta Amurka wajen mijinta: Akwai layi a tsakiyar titi da farashi ke canzawa a allo, maigida ya liƙa wani farin abu a gilashi ya ce kar in taɓa. Mene ne shi, kuma waya za ta iya maye gurbinsa?

Hajiya barka da baƙunta. Wannan shi ne layin masu sauri, wanda ake biya don a tsere wa cunkoso, farin abin kuma shi ne E-ZPass, 'yar na'ura ce mai magana da rediyo, idan kika wuce ƙarƙashin ƙarfen da ya gitta saman titi sai eriyar da ke wurin ta karanta lambarta a cire kuɗi daga asusunku, babu tolget babu tsayawa babu canji. Akwai kyamara kuma da ke ɗaukar lambar mota, idan na'urar ba ta karantu ba takarda za ta biyo ku gida, sau da yawa da ƙarin caji. Shi ya sa ya ce kar ki taɓa, a bayan madubin tsakiya ake so ta zauna, wanda ya jefa ta cikin aljihun mota shi ke ganin takardun nan.

Farashin kuma kwamfuta ce ke sa shi. Na'urori suna ƙirga motocin da ke cikin layin, sun yi yawa sai kuɗi ya hau don wasu su haƙura, sun ragu sai ya sauka, duk bayan 'yan mintuna, manufar ita ce layin kar ya taɓa tsayawa. Kalifoniya ce ta fara irin wannan layin a 1995 a titi mai lamba 91, amma can farashin na jadawali ne, awa kaza kuɗi kaza. A nan jiharku kuwa da aka fara a titin I-66 cikin watan Disambar 2017 sai da farashi ya taɓa dala 40 na tafiyar mil goma kacal da safe, aka yi ta surutu har a majalisar jiha. Masu adawa suna kiransa layin masu Lexus, wai titin da aka gina don kowa an yanka an ba mai kuɗi, masu goyon baya kuma suna cewa bas-bas da masu haɗa mota su ma suna amfana kuma ba dole aka yi wa kowa ba. Ni a ganina duka biyun suna da gaskiya, ya danganta da inda kuɗin ke tafiya. Ki duba na'urar taku, idan mai suna Flex ce tana da ɗan makunni, in kun kai mutum uku a mota sai a tura shi ku wuce kyauta a layukan da suka yarda da haka, amma kar a manta a mayar idan ke kaɗai ce, 'yan sanda na lura. Akwai manhajojin waya da ake biyan kuɗin titi da su ta lambar mota, amma ba sa maye gurbin Flex wajen wucewa kyauta, waya tana kuma taimakawa wajen zuba kuɗi da duba abin da aka cire, kuma a Google Maps akwai zaɓin kauce wa hanyoyin biyan kuɗi ga wanda ba ya so ya tsinci kansa ciki bisa kuskure.

Af, tunda muna kai, idan tes ya shigo miki wai ana binki bashin kuɗin titi ki latsa nan ki biya kafin a ci ki tara, kar ki latsa, 'yan damfara ne, hukumar FBI ta yi gargaɗi a kansu tun Afrilun 2024. Ki shiga asusunku ta manhajar da kuka saba ki duba da kanki.

Ta huɗu, wani Alhaji daga Kumasi: Na sayi sabuwar mota daga Turai, da na ɗan taka sai ta kama ƙara tana nuna min lamba, in na kashe gobe ta dawo. Lalacewa ce?

Alhaji lafiyarta ƙalau, doka ce. Tarayyar Turai ta wajabta wa duk sabuwar motar da za a sayar daga Yulin 2024 na'urar da ke karanta allon gudu da kyamara tana haɗawa da taswira, ka wuce ta yi maka gargaɗi, kuma an tsara ta ne ta kunna kanta duk lokacin da aka tayar da mota. Matsalar a wurinmu allunan ba su da yawa, sai ta riƙe lambar ƙarshe da ta gani, wataƙila 50 na cikin gari, ta yi ta damunka har ka isa Tamale. A saitin motar akwai wurin kashewa, wasu ma akwai gajeren maɓalli a sitiyari. Ba irin limitar da aka tilasta wa motocin haya a Najeriya daga 1 ga Fabrairun 2017 ba ce, waccan mai take ragewa idan an kai iyaka, wannan in ka danne totur za ta bar ka.

Ta ƙarshe, wani matashi daga Kaduna: Manhajar taswira ta Waze na nuna inda kyamarar kama masu gudu take, in na rage gudu a wurin shikenan na tsira ko?

Ga kyamara mai tsayawa wuri ɗaya, e. Amma akwai wata iri, Italiya na amfani da ita tun 2005 da sunan Tutor, Birtaniya ma tana da ita, kyamara ɗaya ta ɗauki lambarka da lokaci a farkon hanya, wata ta ɗauka a ƙarshe, kwamfuta ta raba nisa da lokaci, idan kilomita 20 ne kuma dokar 100 ce bai kamata ka iso ƙasa da minti 12 ba, ka iso a minti 9 birkin da ka taka a gindin kyamara bai yi maka komai ba. Sannan idan tafiya ta kai ka Jamus ka kashe wannan gargaɗin a manhajar kafin ka hau titi, can haramun ne direba ya yi amfani da shi, tarar yuro 75 ce, kuma ko wanda ke gefenka ne ya riƙe wayar yana faɗa maka kotu ta ce duk ɗaya ne.