Ƙwallon ɓoye 'yar tsana da tarin ledarsa

Hajiya, kin tambaya ko ki ci gaba da saya wa jikokinki ƙwallon nan mai 'yar tsana a ciki. Ni kam na daina. Na sayo wa 'yata ɗaya a kasuwar Makola da ke Accra: leda kan leda, ga kwanson roba, ɗan takalmin ma da ledarsa daban, tsanar kuwa ba ta wuce yatsa ba. In aka samu irin ta jiya, sai kuka, a sake saye.

Masu tsintar ledar fiya wata ba sa ɗaukar ledar ƙwallon mai ƙyallin nan. Sai ta bi kwatar unguwar Nima ta faɗa kogin Odaw, kuma ba mu manta ambaliyar 3 ga Yuni 2015 ba. Ki saya musu tsanar da ake gani a fili, su zaɓa da kansu.