Hukuncin Durowa Da Lema Daga Ƙaramin Jirgi Mai Inji Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na daɗe ina sha'awar wasan nan da ake hawa ƙaramin jirgi a duro da lema. Na samu inda ake koyarwa, jirginsu mai inji ɗaya ne, mutum huɗu yake ɗauka ban da matuƙi. Wani abokina ya ce jefa kai cikin halaka ne, in na mutu na kashe kaina ke nan, ko sallah ba za a yi min ba. Mahaifiyata kuma ranar da na gaya mata ko barci ba ta yi ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ayar da abokinka ya dogara da ita gaskiya ce, tana cikin Baƙara, aya ta 195: kada ku jefa kanku zuwa ga halaka. Sai dai ya yi gaggawa wajen ɗora ta. Ba duk abin da ke sa hantar cikin mutum kaɗawa ne shari'a ke kira halaka ba. Ma'aunin malaman fiƙihu shi ne rinjayen tsira: cikin masu yin abin yadda ya kamata, tsira ta fi yawa ko mutuwa? Da shi suka auna hawa teku a zamanin jiragen katako. Shehu Halil a Muhtasar, babin aikin Hajji, ya ce teku kamar tudu take, sai in halakarta ta rinjaya. Ibnu Hajar Alhaitami, daga cikin Shafi'awa, ya fi kusa da tambayarka, domin ya halatta wasanni masu haɗari ga gwanaye waɗanda galibi suke tsira.

To bari mu ga abin da kansa. Jirgin da ka siffanta ya yi kama da Cessna 182. Akan tashi da shi zuwa wajen mita 3,000, a buɗe ƙofa, mutum ya dafa ƙarfen da ke tallafe da fiffike ya saki. Yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, ƙasa da minti ɗaya, sannan ya buɗe lema. A bayansa lema biyu ce, babba da ta ko-ta-kwana. Ta biyun ba kowa ke naɗe ta ba sai mai lasisi, a Amurka ma doka ta ce duk kwana 180 a warware ta a duba. Akwai kuma 'yar na'ura a cikin jakar, in mutum ya suma ko ya ruɗe har ya kusanto ƙasa da gudu, ita za ta yanke igiyar da ta ɗaure lemar ta biyu ta buɗe. Ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta lissafa mutum 10 da suka rasu a 2023 cikin durowa fiye da miliyan 3 da rabi. Duk wanda ya san fiƙihu ba zai kalli wannan adadi ya ce halaka ce ta rinjaya ba.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya kwana a kan soron da babu katanga, kariya ta kuɓuce masa. Lura da inda zargin ya faɗa: kwanan soro bai zama laifi ba sai da katanga ta ɓace. Lema ta biyu da na'urar nan da koyo a hannun gwani, su ne katangarka. Wanda ya cire ɗaya daga ciki don nuna bajinta, shi hadisin ya kama.

Batun inji ɗaya kuwa, shi kaɗai ba ya canza hukunci. In injin ya mutu a can sama jirgin ba ya faɗowa kamar dutse, yana saukowa ne a hankali, masu lema kuma su fice. Inda abin yake da wuya shi ne lokacin tashi, jirgi bai yi nisan da lema za ta buɗe ba, ga kaya. A Suwidin an rasa mutum 9 a Umeya a 2019 jirgi na can sama, an sake rasa 9 a Orebro a 2021 jim kaɗan bayan tashi, duka a jiragen masu lema masu inji ɗaya, kuma a duka biyun masu bincike sun ambaci yadda nauyi ya karkata baya. Wato sau da yawa ba inji ke cin mutane ba, ganganci ne. Saboda haka wajibi ne ka bincika kafin ka sa ƙafa: wurin yana da izinin hukuma? Ana auna nauyin fasinjoji? Ana ɗaura bel lokacin tashi? Suna fasa tashi in iska ta yi ƙarfi ko gajimare ya rufe? In ka ga masu "Allah ya kiyaye" ne kawai alhali jirgi ya sha kaya, haramun ne ka hau, domin Annabi (SAW) cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Akwai wani abu da masu tambaya ba su cika kawowa ba. Ɗan koyo a karon farko galibi ɗaure shi ake yi da mai koyarwa, bayansa manne da ƙirjin wancan tun daga cikin jirgi har ƙasa. Namiji da namiji babu laifi, mace da mace haka. Namiji da macen da ba muharramarsa ba kuwa bai halatta ba, kuma babu larurar da za a fake da ita tunda wasa ne. Sallah kada ta fita daga lokacinta saboda jiran layi, kuɗin kuma kada ya zama na cefanen iyali ko na mai binka bashi.

Maganar kisan kai kuskure ce babba, ka gaya wa abokinka da lalama. Mai kashe kansa shi ne wanda ya nufi mutuwa. Wanda ya goya lema biyu ya duba igiyoyinsa, rayuwa yake nema. In ajali ya same shi a haka, musulmi ne da ya rasu a haɗari, a yi masa wanka da sallah. Kai, ko wanda ya kashe kansa da gangan, jumhurun malamai sun ce ana sallatarsa.

Saura mahaifiyarka, kuma a wurina nan ne tambayarka ta fi nauyi. Wani mutum ya zo neman izinin fita jihadi, Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce eh, ya ce to a cikinsu ka yi jihadin. Buhari da Muslim ne suka ruwaito. In an mayar da mai neman jihadi gida saboda iyaye, ina ga mai neman minti ɗaya na shawagi? Adadin da na kawo maka ba zai sa uwa barci ba. Ka zauna da ita, ka nuna mata yadda abin yake, ka ba ta lokaci. In ta yarda da zuciya ɗaya, ba don ka dame ta ba, kuma sharuɗɗan da suka gabata sun cika, durowar halal ce gare ka. In ta ce a'a, ko ta yi shiru hawaye na zuba, bai halatta ka je ba, a ɓoye ko a sarari, har sai ta sauya ra'ayi.

Wallahu a'alam.