Digiri na biyu a tsara filaye da lambuna: ta ina za a fara?

Malam, ka ce ka karanta aikin gona, kana zaune a Agege, kana son digiri na biyu a fannin tsara filaye da lambuna. Jami'ar Legas da ke Akoka tana koyar da shi, haka ma ABU Zariya.

Kada dai ka ɗauka dashen furanni ne kawai. Babban aikin shi ne sarrafa ruwa: ina zai bi in ruwan Yuni ya sauko? Daɓen da ba a ba shi gangaren kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba (wato saukar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita), kududdufi zai zama. A Lekki kuwa ga yashi ga iskar gishiri, shukar da ba ta jure su sai ganyenta ya ƙone.

Inda 'yan aikin gona suka fi shan wuya shi ne zane. Koyi AutoCAD (manhajar zane a kwamfuta) da zanen hannu tun yanzu, ka tara ayyuka biyar ko shida, ko da tsakar gidanku ce ka auna ka zana. Nemi takardar sakamakon karatunka da wuri, ita ke makarar da mutane, ka haɗa da shaidar bautar ƙasa. Batun ko digirinka zai wadatar kuwa, je sashen da ke koyar da fannin a jami'ar da kanka ka tambaya, don sharuɗɗa kan canza.