Yaya Za A Gane Yaro Karatu Yake Yi Ko Hadda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyarwa a aji biyu na firamare, kuma akwai wani ɗalibina da yake karanta littafin aji ba gargada, amma da zarar na rubuta sabuwar kalma a allo sai ya yi shiru. Yaya zan auna karatunsa? Daga wata malama, Azare.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Littafin da aka sha maimaitawa a aji ba ya auna karatu, domin yaro mai kaifin hadda zai iya kawo shi da ka yana bin layi da yatsa, alhali bai san ƙwayoyin sautin ba.

Gwajin da aka fi sani shi ne EGRA, wato gwajin auna karatun yara 'yan azuzuwan farko, wanda cibiyar RTI ta Amurka ta tsara a 2006 da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, kuma an yi amfani da shi da Hausa a makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato. Ana zama da yaro shi kaɗai, a ba shi daƙiƙa 60 a kowane sashe: sautin haruffa, gaɓoɓi, sanannun kalmomi, sannan ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana, kamar "mizu" ko "lubo". A ganina wannan sashe na ƙarshe ne ya fi amfani ga ɗalibinki, domin ba a taɓa jin kalmomin ba balle a haddace su, dole sai yaro ya haɗa baƙi da wasali da kansa. Ki ƙidaya waɗanda ya karanta daidai cikin minti ɗaya, ki kuma rubuta irin kuskurensa: ko yana musanya b da d, ko yana manta lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, ko yana cankar kalma daga harafinta na farko.

Ki lura da sauri sosai. Tun da rubutun boko na Hausa yana bin furuci kusan sau da ƙafa, yaro mai matsalar karatu yakan iya fitar da kalma daidai, sai dai da jan lokaci da wahala.

Kada ki gwada shi shi kaɗai. Ki gwada 'yan ajin duka, ɗaya bayan ɗaya. In mafi yawansu sun gaza, gyaran yana wajen koyarwa. In kuwa shi ne ya yi baya sosai duk da zuwansa makaranta kullum, ki shawarci iyayensa su kai shi a duba idonsa da kunnensa tukuna, kafin a nemi ƙwararre ya bincika ko disleksiya ce, wato lalurar da ke sa koyon karatu ya yi wa yaro wuya.