Zamiyar ƙanƙara a tsaunukan Alps a ƙarshen Afrilu: duba tsayin inda za ka kwana

Wa alaikumus salam, Malam. In na fahimce ka daidai, kana Ingila da fasfon Najeriya, kana da hutun kwana huɗu a makon ƙarshe na Afrilu, za ka zo da uwargida wadda ba ta taɓa ɗaura allunan zamiya ba, kai kuma ka ɗan koya a irin ɗakunan nan na cikin gari da ake zuba wa ƙanƙarar inji. Kana ta kai-kawo tsakanin Chamonix da Val Thorens na Faransa, da Zermatt ta Suwizalan. Ni a Grenoble nake zaune, a gindin duwatsun, kuma ƙarshen kakar wasa ne lokacin da na fi fita, don kaya sun yi sauƙi, jama'a kuma sun ragu.

Cikin ukun nan, Val Thorens nake ba ka shawara. In ba ka samu ɗaki a can ba, ka nemi Tignes. Ga dalili.

Kowane gari zai yi maka talla da tsayin ƙololuwarsa, wannan ya ce mita 3,400, wancan ya ce 3,800. A watan Janairu wannan ba ya cutar da kowa, domin daga sama har ƙasa ko'ina fari fat ne. A ƙarshen Afrilu kuwa lambar da za ka duba ita ce tsayin garin kansa, inda za ka kwana, inda hanyoyin zamiya suke ƙarewa. Duk hawan mita 1,000, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 da rabi. Saboda haka ranar da garin da ke mita 1,000 yake da ɗumin digiri 15, mutane na yawo da 'yar riga, ciyawa ta tsiro, na mita 2,300 yana wajen digiri 6 ko 7, kuma da dare ƙanƙararsa tana sake daskarewa. Wannan daskarewar dare ita ce komai. In ta daskare, za ka samu safiya mai kyau. In ba ta daskare ba, tun hantsi za ka tarar da caɓi mai nauyi da ke riƙe alluna, yana gajiyar da cinya, kuma a cikinsa ne gwiwar masu koyo ta fi gurɗewa.

Chamonix tana mita 1,035 ne kawai, wato ko Jos ta fi ta tsayi. Gari ne mai kyau ƙwarai, Mont Blanc na kallonka ta taga, kuma daga filin jirgin Jeneba bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Amma wuraren zamiyarta a warwatse suke cikin kwarin, sai ka hau bas da takalman nan masu nauyi kafin ka kai ko ɗaya, kuma filayen masu koyo da ke ƙasa su ne kan fara rufewa. Abin da kan rage a buɗe har ƙarshen Afrilu shi ne ɓangaren Grands Montets, mai gangara sosai, wurin gwanaye. Kai uwargida can ranar farko, ba za ta ƙara yarda ta bi ka ba. In yawon buɗe ido kuke so da hotuna, Chamonix ba ta da na biyu. In koyon zamiya ne, a bar ta sai wani hunturun.

Zermatt kuma ƙanƙara ba ta yanke mata, domin ana zamiya a saman ƙanƙarar dindindin ɗinta har da bazara, kuma keken igiyarta yana kaiwa Klein Matterhorn, mita 3,883. Matsalarta lokaci da aljihu. Daga Jeneba jirgin ƙasa za ka hau, ka canja a Visp, tafiyar kusan awa huɗu, mota ba ta shiga garin. Garin yana mita 1,620, don haka a wannan lokaci na shekara kullum sai kun yi doguwar hawa kafin ku taka ƙanƙara mai kyau, in kuma iska ta taso aka rufe na sama, ranar ta tafi. Ga tsadar Suwizalan, wadda ba sai na ba ka labari ba. Wanda yake son ganin dutsen Matterhorn ba tare da ya ƙarar da albashinsa ba, ya zagaya ta Italiya ya sauka a Cervinia, mita 2,050. Dutse ɗaya ne, an kalle shi ta ƙeya. Hanyoyinta dogaye ne masu faɗi, gangararsu a hankali, sun dace da irinka, kuma daga Turin bai kai awa biyu a mota ba. Iska ce aibinta, kuma yawancin gangarenta rana na dukansa, yana saurin yin laushi.

Val Thorens tana mita 2,300, ita ce garin zamiya mafi tsayi a Turai, an gina ta ne musamman don wannan wasa a farkon shekarun 1970. Hanyoyinta suna hawa har wajen mita 3,200 a Cime Caron, kuma kusan dukkansu suna sama da mita 2,000. Takan kai farkon Mayu a buɗe. Abin da ya fi muhimmanci ga mai kwana huɗu shi ne, daga ƙofar masauki za ka ɗaura allunanka ka zame, ba bas, ba jira. Filin masu koyo yana tsakiyar gari, da irin shimfiɗar nan mai tafiya da kanta da ke haurawa da mutum, ana hawa kyauta. Uwargida tana darasinta, kai kana sama kaɗan, da azahar ku haɗu a ɗaki ku ci abinci ku yi salla. Wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne, domin cire takalmin zamiya a yi alwala a banɗakin gidan abinci a kan dutse wahala ce da ba na yi wa kowa fata.

Sai dai kada tallar kilomita 600 ta Trois Vallées, wato haɗakar filayen zamiya da ta haɗa Val Thorens da maƙwabtanta, ta ruɗe ka har ka sayi babban tikitin hawa kujerun igiya da ya shafi yankin gaba ɗaya. Méribel da Courchevel, da suke ƙasa da ita, sukan rufe kafin Val Thorens, kuma ko da a buɗe suke, ba za ku iya cinye ko rabin na Val Thorens kaɗai ba. Ka sayi ƙaramin tikitin. Uwargida ma kada a saya mata komai ranar farko sai malamin ya ce ta isa hawa kujerun igiya. Aibin wurin na gaskiya shi ne babu bishiya ko ɗaya. Ranar da hazo ya sauko ko dusar ƙanƙara take zuba, sama da ƙasa sukan zama abu ɗaya, ba ka gane gangara daga tudu, har jiri yakan kama mutum yana tsaye. Irin wannan rana ku tsaya kusa da gari, ko ku huta gaba ɗaya. Garin kuma ba wani kyau gare shi ba, benaye ne aka jera a kan dutse, ga matasa masu shaye-shaye da kiɗa da yamma. Ka nemi masauki a gefen gari, ba kan babban titi ba.

Tignes kusan haka take. Unguwannin Le Lac da Val Claret suna wajen mita 2,100, jirgin ƙarƙashin dutse yana ɗaukarka daga Val Claret zuwa ƙanƙarar dindindin ta Grande Motte, keken igiya ya ƙarasa da kai mita 3,456. A haɗe take da Val d'Isère. Tsohon ƙauyen Tignes na asali yana ƙarƙashin ruwan madatsar da aka gama a 1952, za ku bi ta kanta in kuna hawa. Ka kula wajen kama ɗaki, domin akwai unguwar Les Brévières da ke can ƙasa wajen mita 1,550, ita ma Tignes ake kiranta, kuma ita ce za ta fara fito maka saboda arha. A Afrilu ba ita kake nema ba.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe, don Turawan da za ka tambaya ba za su tuna da ita ba. Kun san rukunin jininku, wato genotype (AA, AS, SS ko SC), kai da uwargida? Tsayi da sanyi da ƙishirwa da aikin ƙarfi, duk abubuwan da ke tayar da ciwon sikila ne, kuma a wannan tafiya a haɗe suke zuwa. Mai SS ko SC kada ya kama hanya sai da izinin likitansa. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, likitoci sun san cewa a kan tsauni jini yakan iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa, ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kowa yake samu ba, amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, don haka ba magana ce ta nesa da mu ba. In ɗayanku AS ne, ku ga likita kafin ku biya kuɗin komai, kuma in irin wannan ciwo ya taso a can, a sauko, a nufi asibiti, a faɗa musu rukunin jinin tun a bakin ƙofa. Lambar gaggawa 112 ce. Ko mai AA yakan sha ciwon kai da rashin barci daren farko a mita 2,300. Ku yawaita shan ruwa, kuma ranar farko kada ku hau can ƙololuwa don ɗaukar hoto, za ta jira ku.

Rana ma haka. Kada ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata, ga shi ƙarfinsa na ƙaruwa da tsayi. Na ga ɗan'uwanmu da hancinsa da leɓɓansa suka saɓule bayan yini guda. Man kariya daga rana, man leɓe, da tabarau mai duhu sosai, dole ne. Ido yakan ƙone, mutum ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi. Tufafi kuma ku sa masu hawa-hawa, da safe sanyi ne mai ratsa ƙashi, da rana kuna neman abin cirewa.

Yadda yini yake tafiya a wannan lokaci: ƙarfe tara ƙanƙarar tana da tauri da santsi, daga goma zuwa ɗaya tana yin laushin da ya fi kowane daɗi, bayan biyu ta koma caɓi. Ku fara da gangaren da ke fuskantar gabas, wanda rana ta fara taɓawa, ku ƙare da masu fuskantar arewa. Darasin uwargida a kama na safe. Malamai masu jajayen riguna na makarantar ESF suna ko'ina, akwai wasu makarantun kuma, ka dai nemi mai jin Turanci tun kafin ku zo. Kai ma ka ɗauki malami ko na awa biyu ne, don gangaren ɗaki daban, na dutse daban. A Faransa launin hanya yana nuna wuyarta: kore, shuɗi, ja, baƙi. Ku tsaya a kore da shuɗi. Kada ka bi sawun kowa ka fita daga hanyar da aka kafa wa sanduna, da yamma jiƙaƙƙiyar ƙanƙara takan zaftaro daga sama.

Biza ita ce abin da za ka fara gobe. Takardar zamanka ta Ingila ba ta shigar da kai yankin Schengen. A ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa ake nema, wato Faransa, ko da a Jeneba za ka sauka, domin Suwizalan ma tana cikin yankin. A ƙa'ida kwana 15 ne ake duba takardu, amma samun ranar ganawa shi ne aikin. Inshorar da ake nema don biza sau da yawa ba ta ɗauke da wasan ƙanƙara, ka karanta da kyau. Ɗauko wanda ya ji rauni daga kan hanya ba kyauta ba ne a Faransa. A yankin Savoie, inda Val Thorens da Tignes suke, akwai inshorar Carré Neige da ake ƙarawa a kan tikiti da 'yan Yuro kaɗan a rana, ka saya. In Cervinia ka zaɓa, tun 2022 dokar Italiya ta wajabta inshorar da ke biyan wanda ka buge. Hular kwano kuwa ku haya tare da takalma da alluna.

Daga Jeneba ko Liyon zuwa Val Thorens tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku ce, ƙarshenta hawan kwana-kwana na kilomita 37 daga Moûtiers, mai amai a mota ya sha magani. Jiragen hunturu da ke sauka a Chambéry da Grenoble yawanci sun tsaya kafin lokacinku, motocin haɗin gwiwa ma sun ragu, don haka ka tabbatar da motar kafin ka sayi tikitin jirgi. Ka nemi jirgin sassafe a zuwa da na dare a komawa, in ba haka ba kwana huɗunku za su koma biyu. Gidajen haya a can sun saba da Asabar zuwa Asabar, amma a ƙarshen kaka da yawa sukan yarda da kwana uku, ka rubuta musu kai tsaye.

Abinci kuma a yi hattara. Tartiflette da naman alade ake yi, raclette da busasshen namansa ake kawowa, tsiran da suke kira diots na alade ne, fondue kuma da giya ake narka cukunta. Shi ya sa na fi son ɗaki mai kicin. Ku tsaya a Albertville ko Moûtiers ku yi sayayya, don kantin kan dutse yana da tsada, uwargida kuma ta sako yajinta a jaka. In kun tsai da rana ka sanar da ni a nan, in duba muku hasashen yanayi da jerin hanyoyin da suke buɗe a makon. Gaisuwa ga iyali.