Me Ya Sa Sulallan Gwaji Na Zinariya Na Biranen Suwizalan Suke Da Wuyar Samu?

Tambaya: Ranka ya daɗe, na ga labarin gwanjon wani tsohon sulen zinariya na birnin Zurik, wanda aka ce ba a taɓa kashe shi a kasuwa ba. Wane irin kuɗi ne wannan, kuma me ya sa masu tara kayan tarihi suke rububinsa? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, kafin shekarar 1848 manyan biranen Suwizalan irin su Zurik da Bern da Basel da Janeba kowanne yana da maƙerar kuɗinsa da tambarinsa, sai a 1850 aka haɗa ƙasar a kan kuɗi ɗaya, wato faran. Idan za a fitar da sabon sule, mai sassaƙa yakan zana hoton a kan hatimin ƙarfe, a buga 'yan ƙwayoyi kaɗan don majalisar gari ta duba ta amince ko ta ƙi. Waɗannan su ne sulallan gwaji na ainihi.

Amma yawancin na zinariya da ake kira da wannan suna wani abu ne daban, kuma a ganina sun fi ban sha'awa. Akan ɗauki hatimin da aka yi domin babban sulen azurfa, wato tala, a buga shi a kan zinariya, a auna nauyinsa daidai da dukat, wato wani tsohon sulen zinariya na Turai, guda biyar ko goma. Dukat ɗaya ya kai kusan giram 3.5 na zinariya mai tsafta ƙwarai, ya ɗan gaza misƙalin da muka sani. Irin wannan sule kyauta ce ta girmamawa ga jakadu da manyan baƙi, shi ya sa ya zauna a akwati bai zaga hannun mutane ba. Idan ka riƙe na Bern za ka ga gashin beya, wata babbar dabbar daji mai yawan gashi da ke tambarin garin, a fili ɗaya bayan ɗaya, na Zurik kuwa wani lokaci har da hoton garin da hasumiyoyin majami'unsa a bakin kogin Limmat, alhali a na azurfa hannu ya riga ya shafe su.

Kaɗan aka buga tun farko, sannan an narke da yawa lokacin yaƙi da ƙuncin tattalin arziki, domin zinariyar kanta dukiya ce. Da dama daga cikin waɗanda suka tsira suna gidajen tarihi, kamar na ƙasa da ke Zurik wanda aka buɗe a 1898, don haka ɗaya kan yi shekaru bai fito gwanjo ba.